Matar da ta sa Nijar cikin almara, mu kuma a Maradi ba mu san ta ba

Littafin nan ya fi wata takwas ajiye saman kwabata ban buɗe shi ba. Yayana ne ya kawo mani shi daga Kano cikin wani ƙaramin buhu na littattafan gwanjo, shi ba ya karanta Ingilishi, abinda ya sani kawai ƙanwarsa malamar Ingilishi ce a sakandare, to duk abinda ya gani mai arha in dai da rubutun boko sai ya kwaso mani. Bangon ya ɗan yage ta ƙasa, takardun sun yi ja, wani can ya taɓa rubuta sunansa da bik a shafin farko sannan aka goge. Sai a daminar 2023, lokacin da aka rufe boda kuran ta zama sai an yi sa'a, dare ya yi tsawo babu tele babu cajin salula da za a ɓata, na ɗauko shi na kunna ƴar fitila na zauna bakin tabarma a tsakar gida. Ban yi nisa ba na ga sunan ƙasar da labarin ke faruwa. Nijar. Shekara ta 2070. Walle sai da na koma na sake karanta layin, na kai fitilar kusa, don ni tunda nake karatun littattafan almara na Turawa ban taɓa cin karo da sunan ƙasarmu a ciki ba, kullum wata ƙasa ce mai ƙanƙara da dogayen itatuwa da sarakuna masu jan gashi.

Sunan littafin The Shadow Speaker, ya fito a 2007, wadda ta rubuta shi sunanta Nnedi Okorafor. In kun samu tsohon bugu kamar nawa za ku ga an sa Okorafor-Mbachu, duk ita ce. Ita nake so in yi maku magana a kanta yau, don tun daga daren nan na bi littattafanta ɗaya bayan ɗaya, wasu na saya wasu na ara, kuma har yanzu in na ambaci sunanta a ɗakin malamai ko wajen ƙawayena da suka yi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sai a ce wacece kuma wannan. A waje an san ta, ta ci manyan kyaututtuka, amma mu da aka rubuta labarin a kan ƙasarmu ba mu da labari. Abin yana ci mani rai sosai.

Iyayenta Igbo ne daga Najeriya, ita kuma an haife ta a Amurka a 1974, a garin Cincinnati. Tana yarinya ƴar wasa ce, tanis da gudu, har ana sa ran za ta yi nisa, sai dai ƙashin bayanta ya karkace, tana shekara 19 aka yi mata aiki don a miƙe shi, ta farka ta tarar daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. A gadon asibitin nan ta fara rubuta ƴan labarai a gefen shafukan wani littafi da aka kawo mata. Daga baya ta koyi tafiya sabo, wasan dai ya tafi kenan, rubutu ya maye gurbinsa. Ta ba da labarin nan da kanta a littafinta Broken Places & Outer Spaces na 2019. Na kawo wannan ne don in kun karanta ta za ku lura kusan duk jarumanta akwai wani abu a jikinsu da mutane ke nunawa da baki, kuma daga wurin nan ƙarfinsu ke fitowa, ba ƙirƙira ta yi daga sama ba, ta ɗanɗana.

To mu koma kan na Nijar ɗin. Yarinya ce mai suna Ejii, Musulma, tana zaune a wani gari da marubuciyar ta ƙago mai suna Kwàmfà. An yi yaƙin bama-bamai a duniya, aka harba wasu bama-baman na daban da nufin kawo zaman lafiya, sai duniya ta birkice, daji na tsirowa cikin hamada, dabbobi na magana, ana haihuwar yara masu baiwa iri-iri. Ita Ejii inuwa ce ke yi mata magana, kuma tana gani cikin duhu har nesa. Ubanta shi ne ya mulki garin da zalunci, ya danne mata ƙwarai, kuma tana shekara 9 a gaban idonta aka sare mashi kai. Wadda ta sare shi ita ce Sarauniya Jaa, kalmar ma da Hausa aka bar ta haka, Sarauniya. Ina ganin sunan sai Sarauniya Mangu ta Lugu ta faɗo mani a rai, wadda ta tsaya gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980. Amma Jaa ba irin jarumar da za ka so kai tsaye ba ce, mace ce mai saurin zare takobi, kuma abinda ya riƙe ni a labarin kenan: yarinyar da aka kashe ubanta, ta san uban nata azzalumi ne, kuma dole ta bi bayan wadda ta kashe shi cikin hamada don inuwoyi sun gaya mata akwai yaƙin da ke tafe wanda ita ce za ta iya tare shi. Ta ƙi uban, tana kewarsa, tana sha'awar Jaa, tana tsoronta, duk a zuciya ɗaya. Wanda ya taɓa zama gidan da uba ke da zafin hannu zai gane wannan ba sai an yi mashi bayani ba.

Akwai raƙuminta mai magana, sunansa Onion, wato Albasa, ni dai duk inda ya fito sai in tuna buhunan albasar Galmi a tasha, kuma shi ne na fi so a littafin gaba ɗaya, yanada haƙuri da taurin kai irin na raƙuma na gaske. A hanya ta haɗu da wani yaro Dikéogu da ya gudo daga bauta a gonar koko, shi kuma baiwarsa ta hadari ce da tsawa. Ba soyayya aka cika labarin da ita ba, abota ce ta yara biyu da kowa ke ɗauke da ciwonsa, suna faɗa suna shiryawa.

Gaskiya guda zan faɗa, don ban son in yaudari kowa. In ka karanta za ka ji cewa baƙuwa ce ta rubuta, ba ɗiyar ƙasa ba. Sunayen manyan yaran biyu na Igbo ne, kuma Nijar ɗin da ke ciki an hango ta ne daga nesa, hamada da raƙuma da rawani, ba Maradin da na sani ba ta kabu-kabu da ƴan fada masu shayi da ƙurar kasuwa ranar Litinin da Juma'a. Da farko abin ya ɗan sosa mani rai. Daga baya na ce ai ita ta yi nata, ta dube mu ta ga mun isa a gina duniya guda a kanmu, saura mu da muka san ƙamshin ƙasar in ruwan fari ya sauka. Littafin ya daɗe ba a sake buga shi ba, ya ɓace daga kasuwa shekaru, sai a 2023 aka fito da shi sabo da gyare-gyare, aka kuma haɗo shi da na biyu mai suna Like Thunder, wanda shi Dikéogu ne ke ba da labarin da bakinsa. Na biyun ya fi duhu, ya fi nauyi, kar a ba yaro shi kafin babba ya duba.

In yaro ne ko yarinya ƴar koleji kuke nema ma abin karatu, ni ba da wannan nake cewa a fara ba, da Akata Witch nake cewa a fara, na 2011. Bugun Najeriya na kamfanin Cassava Republic sunansa What Sunny Saw in the Flames, kar ku ruɗe, littafi ɗaya ne. Kuma ga abin daɗi a gare mu, an fassara shi da Faransanci, sunan bai canza ba, to wanda Ingilishinsa bai nuna ba yanada hanya. Sunny yarinya ce ƴar shekara 12, zabiya, an haife ta a Amurka aka dawo da ita Aba a kudancin Najeriya, a lakwal ana kiranta akata, kalmar zagi ce da ake yi ma baƙaƙen da aka haifa a waje. Tana son ƙwallo kamar ranta amma rana ba ta barinta. Sai ta gano tana cikin wasu mutane na ɓoye da ake kira mutanen damisa, masu wani ilimi da sauran jama'a ba su sani ba, ta haɗu da abokai uku, Orlu da Chichi da Sasha, aka ɗora masu aikin tsayar da wani mugu mai sace yara. Har Dutsen Zuma na kusa da Abuja sun je wani babban taro, duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ga dutsen nan da idonsa, kuma karanta almara a wurin da ka taɓa wucewa cikin mota wani abu ne na daban.

Abu biyu ne suka sa nake son shi har nake ba ɗalibaina labarinsa. Na farko kuɗinsu. A duniyar mutanen damisa kuɗi sunansa chittim, kuma ba a samunsa ta fatauci ko gado, in ka koyi wani sabon abu na gaske sai kawai ya faɗo daga sama a gabanka, ƙarfe ne lanƙwasasshe, kuma na jan ƙarfe shi ne mafi daraja, na zinari shi ne na baya. Ku duba fa, mu nan Maradi garin kasuwa ne, yaro tun yana aji uku ya san lissafin canjin naira da sefa fiye da ni, da yawa cikinsu suna ganin zaman aji ɓata lokaci ne tunda ga Alhazai sun yi arziki ba tare da shi ba. Ranar da na ba su labarin chittim aji ya yi tsit, wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce Madam to ke da yanzu kin cika ɗaki. Da gaske yake faɗa, ba wasa ba, kuma har na koma gida ina jin maganar.

Na biyu shi ne wanda na ce maku, abinda ake gani nakasa ne a wurinsu shi ne ƙofar baiwa. Orlu karatu na ba shi wuya, haruffa na juye mashi, ashe shi mai warware abinda aka ƙulla ne. Sunny farar fatarta ce ta sa take iya ratsawa tsakanin duniyar nan da ta ɓoye. A ɗaya daga cikin azuzuwana akwai wata yarinya zabiya, kullum can baya take zama kusa da bango inda rana ba ta kaiwa, ta sa kayenta dab da hanci tana rubutu, allo ba ta ganinsa sosai amma ba ta taɓa cewa a maido ta gaba ba don ba ta son a kalle ta. Wata Laraba bayan an tashi na tsayar da ita na ce ɗiyata zo in nuna maki wani abu, na ba ta bugun Faransancin. Ta juya shi, ta kai shi kusa da ido ta karanta bayan bangon a hankali, leɓenta na motsi, sai ta ɗago ta ce Madam, ita ce babbar labarin? Na ce ita ce. Ta ce ba mutuwa take yi ba? Na ce akwai littafi na biyu da na uku kuma duk ita ce. Ta sa shi cikin hijabinta ta fita ba ta ce komi ba. Na biyun Akata Warrior ne na 2017, na ukun Akata Woman na 2022. Ni a ganina na biyun ya fi na farko, don na farkon ƙarshensa an yi shi cikin gaggawa, an daɗe ana shirin karo da mugun sai ga shi an gama cikin ƴan shafuka.

Na san abinda wasu ke ta saƙawa tun ɗazu, don Kawuna ma ya tambaye ni. Ya zo gidanmu ya ga littafin a kan tabarma, ya tambayi ma'anar sunan na faɗa mashi, ya yi shiru sannan ya ce ke ɗiyar nan, tsafi kike karanta ma yaran mutane? Na ce Kawu, wa ya ba mu labarin Ruwan Bagaja muna ƙanana? Ya yi murmushi don shi ne, da bakinsa, har muryar Malam Zurƙe yake kwaikwaya. Ruwan Bagaja tun 1934 yake, Abubakar Imam ya cika shi da aljanu da abubuwan al'ajabi, Ganɗoki na Bello Kagara ma har ƙasar aljanu ya kai, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da aka ɗauki yaro aka yi sama da shi, ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo da kakanninmu suka raine mu da su. Ba wanda ya bar sallah don ya ji gatanan gatananku. Duk da haka ban raina tambayarsa ba, tana da gurbi, littattafan Akata cike suke da dodanni da al'adun gargajiyar Igbo da Efik, kuma mu a garin da aka san bori ba labari ba ne, dole uwa ko malama ta zauna da yaro ta ce mashi wannan ƙage ne, ga abinda ake so ka ɗauka ciki. Ni haka nake yi. Kawu ya ce to ki riƙa yi, ya sha ruwansa ya tashi.

Ga ƙanana sosai akwai Zahrah the Windseeker na 2005, shi ne littafinta na farko, ya ci kyautar Wole Soyinka ta adabin Afirka a 2008. Yarinya ce da aka haifa da gashin dada mai ƴan tsirrai na yaɗo a ciki, a wata duniya da komi shuka shi ake yi, har kwamfuta iri ake binnewa ta tsiro ta girma tare da mai ita, sai abokinta Dari ya kwanta rai a hannun Allah dole ta shiga dajin da aka hana shiga don nemo maganin. Mai sanyi ne, babu abinda zai tayar da hankali. Duniyar nan ta Zahrah ita ce dai Ejii ta je a nata littafin, to wanda ya karanta su biyun zai ji daɗin gane hanya.

Sai babban, wanda na ajiye har yanzu don sai na yi numfashi kafin in yi maganarsa. Who Fears Death, 2010, da Faransanci Qui a peur de la mort ?, shi ya ci kyautar World Fantasy a 2011. Wannan ba na yara ba ne ko kaɗan, dan Allah kar a bar shi inda za su ɗauka. Labarin yana faruwa a yankin Sudan na wani zamani can gaba, ƙabila ɗaya na ƙoƙarin share ɗaya daga doron ƙasa, kuma makaminsu har da fyaɗe. Marubuciyar ta faɗa cewa wani rahoton jarida na 2004 kan abinda ake yi ma matan Darfur yana cikin abinda ya tunzura ta. Jarumar, Onyesonwu, ta wannan hanyar aka samu cikinta, ma'anar sunanta da Igbo shi ne wa ke tsoron mutuwa. Kamanninta kaɗai na tona yadda aka haife ta, duk inda ta shiga ana ƙyamarta. Akwai kaciyar mata a ciki, an nuna ta ba a rufe ba, tana shekara 11, ita da ƙawayenta uku. Akwai malamin da ya ƙi koya mata don kawai mace ce, ta yi ta komawa yana korarta. Tana rikiɗa ta zama ungulu, kuma yadda aka rubuta tashinta sama, iska a ƙarƙashin fiffike da ƙasa tana ƙanƙancewa, shi ne wurin da kawai nake samun sauƙi a littafin. Sau biyu na rufe shi na fita waje na zauna. Mu da ƙauyukan kan iyaka ke gefenmu, ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji, muna jin abinda ƴan bindiga ke yi ma mata in sun shiga gari, mun ga waɗanda suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, wannan littafin ba nesa yake ba. Uwar Onyesonwu, yadda ta ɗauki jaririyar ta shiga hamada ita kaɗai ta raine ta shekaru, muryarta ta dishe ba ta iya ɗaga ta, ita ce har yau take dawo mani in na ga wata da goyo a bakin titi ta yi shiru.

Sauran zan wuce su da sauri. Binti na 2015 gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya, yarinya ce ƴar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta gudu daga gida ta tafi jami'a a wata duniyar, da tulun jan yumɓun da suke shafawa a jiki, ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula, shi ma akwai shi da Faransanci, amma ya fi karkata wajen jiragen sararin sama ba almara irin wadda nake magana ba. Noor na 2021 a arewacin Najeriya yake, da makiyayi Bafulatani da shanunsa da wata guguwar rairayi da ba ta tsayawa, na so shi don ya ba makiyayin mutunci a lokacin da kowa ke masu kuɗin goro. Tana da tarin gajerun labarai ma mai suna Kabu Kabu, ita tana nufin taksin bayan fage, mu kuma babur ne ke zuwa mana a rai.

Samunsu a nan shi ne aikin. Ni dai hanyata ita ce masu zuwa Kano ko Yamai, in rubuta sunan a takarda da manyan baƙi in ba su da kuɗin, wani lokaci a samu wani lokaci a dawo mani da kuɗina. Shi ya sa waɗanda ke hannuna ba sa kwana wuri ɗaya, na buɗe kaye guda ina rubuta wa ya ɗauka da ranar da ya ɗauka. Tsohon The Shadow Speaker ɗina yanzu yana Zariya wajen wata ƙawata nas, bangon na liƙe shi da salatif ya kai sau uku. Ita kuma yarinyar nan ta maido mani na farkon bayan sati biyu an naɗe shi da takardar siminti don kar ya yi datti, ta ajiye a kan teburina, ta ce Madam na biyun fa. Na ce yana hannun wani sai Litinin. Ta ce to, ta juya, maimakon ta wuce baya wajen bango sai ta tsaya a layi na biyu ta ce ma wadda ke zaune ta matsa mata.